Ƙawayen Sittin

Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta rasu, Allah ya jiƙanta. Sai ga jikata da waya a hannu ta ce, "Hajiya, an saka ki a saukar da za a yi mata. Izu biyu ne naki, ga su nan. Idan kin gama sai in danna musu alama." Na ce su waye sauran masu karatun? Ta ce ita ma ba ta san su duka ba, wata tana Kaduna, wata ma ba ta ƙasar. Na yi alwala na karanta nawa, ta danna alamarta, wai shi ke nan an yi sauka. Ba na cewa babu lada, ni wace ce da zan auna ladan wani. Amma kunnena bai ji komai ba. A zamaninmu sauka aba ce da ake ji tun daga bakin rijiya. Mutum goma ko fiye a zaure ɗaya, kowa da inda yake karantawa, muryar tsoho tana rawa, ta saurayi tana gudu, suna hawa kan juna kamar zuma ta sauka a kogon kuka. Mata a cikin gida sukan rage ƙarfin taɓarya don kada su katse ta. Wannan shirun na waya shi ya tayar mini da wata sauka da aka yi a gidanmu, wadda har yau in an taru a dangi akwai tsofaffin da ke cewa ranar na yi fitsara. Sun daɗe suna faɗar tasu. Bari ni ma in faɗi tawa, tun da ban taɓa ba da haƙuri a kanta ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gaya da Ajingi, ƙasar gero da gyaɗa. Mahaifina, da kowa ke kira Malam, da damina manomi ne, da rani kuma marubuci. Abin da na fara sani a duniya shi ne ƙarar alƙalaminsa na kara a kan takarda, ƙyas-ƙyas, da ƙamshin tawada in an dafa ta da ƙaro, da luguden Inna yana amsawa daga bayan rumbu. Cikin 'ya'yan da Inna ta haifa ni kaɗai na rayu. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, don haka bai taɓa kama sunan ba, sai dai ya ce "Uwata". Ƙanensa da muke kira Baffa, da yayarsu Gwaggo, su kuma suna ce mini Uwani. Tun ban iya ɗaura zane ba ya sassaƙa mini allo. In na gama shara da wanke-wanke, na ɗebo ruwa na cika randa, sai in zo in durƙusa a gefensa. Ba ya duka. In na yi gaggawa sai ya ce, "Uwata, kada ki yi wa harafi rowar numfashi, ba kora aka yi miki ba." Da hannunsa ya bi da ni har ƙarshe, izu sittin, ya saurare ni tun daga farko har ya gamsu.

Da aka zo neman yaran da za a kai makarantar boko, mutane suka riƙa ɓoye 'ya'yansu mata a rumbu, wasu a ƙarƙashin gado. Malam shi da kansa ya riƙe hannuna ya kai ni wurin dagaci. Baffa ya zo har tsakar gida yana huci, ya ce, "Yaya, sunan uwarmu za ka ɗauka ka kai wa Nasara?" Malam bai ɗaga kai daga rubutunsa ba, ya ce, "Zan kai ta ta ga abin da ke can, ta dawo ta gaya mini." Daga ranar Baffa ya sa mini 'yar boko, kuma ko ranar da na sauke bai zo ya ci tuwon walima ba. Ya ce bakin da ya saba da Turanci ba a yarda da karatunsa.

A Gaya na yi firamare, a hannun wata 'yar'uwar Inna. Malaminmu na lissafi wani dogo ne mai keke, kullum ƙafar wandonsa ɗaure da igiya. Ba mu da na'urar da yaran yanzu ke latsawa ta ba su amsa kafin su gama tambaya. Kowa da gwangwaninsa cike da ƙwallon tsamiya, sai ka ji aji yana kacau-kacau in an zazzage su a ƙasa. Wata rana ya ce kowa ya ware sha biyu, ya jera su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, kada ko ɗaya ya yi saura. Muka jera layi ɗaya na sha biyu. Muka jera biyu na shida-shida, muka jera uku na huɗu-huɗu. Da muka zo kan huɗu sai ya ce mu duba da kyau, ai ita ce ta ɗazu ta juya baya, uku-uku sau huɗu. Ya ce duk sanda ka ga wadda ka riga ka gani ta dawo, to nema ya ƙare, ka tattara ƙwallayenka. Yana da sunan da yake kiran abin da Turanci, amma mu 'yan mata muka sa masa namu. Muka ce ƙawaye ne. A lokacin ƙawance ba abin wasa ba ne irin na yanzu da kowa ka gani a mota ƙawarka ce. Sai kin aika wa yarinya da goro da ɗan lalle, in ta karɓa ta zama taki ita kaɗai, ba kya zuwa dandali sai da ita, ranar sallah kwanon tuwonki gidansu zai je. Shi ne muka ce a gidan sha biyu ƙawar biyu shida ce, ƙawar uku huɗu, ita kuwa biyar ba ta da kowa a gidan, duk yadda ta jera sai biyu sun tsaya a waje suna kallo.

Da na zo hutu na tarar ana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Malam ya ce, "To Uwata, me kika gano a can?" Na debi gyaɗa na nuna masa gidan sha biyu. Ya shafa gemu ya ce, "Ƙirgo sittin mu gani." Muka zauna ni da shi a kan buhu. Ɗaya da sittin. Biyu da talatin, ya ce wannan ai ta azumi ce, izu biyu kullum har wata ya ƙare. Uku da ashirin, huɗu da sha biyar, biyar da sha biyu, shida da goma. Na gwada bakwai, huɗu suka yi saura. Na gwada takwas, huɗu suka sake tsayawa. Tara ta bar shida. Da na kai goma na ce, "Malam, wannan mun riga mun gaisa da ita." Ya yi dariya har yana tari, ya ce, "Ashe abin da muke yi in an zo sauka har suna gare shi a wurinku. Gidan sittin gidan mutunci ne, dubi yawan baƙin da yake saukewa. Ita dai bakwai Allah ya ba ta haƙuri." Inna tana jinmu ta ce mu tashi daga kan gyaɗar mutane, ba don jere aka noma ta ba.

Ina makarantar sakandare ta 'yan mata a Kano aka kira ni bakin ƙofa. Wani mutumin ƙauyenmu ne da ya kawo kaya birni. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, tun kafin ya yi magana na gane. Zazzaɓi ne ya ɗauke Malam, kuma an kwana biyar da binne shi, don ba a samu mai zuwa da wuri ba. Aka ba ni izinin in je sadakar bakwai in dawo washegarinta. Na hau bayan babbar mota a kan buhunan gishiri, muka tsallake gadar Wudil, na sauka a Gaya, sauran hanyar na tako da ƙafa tare da masu dawowa daga kasuwa. Ban yi kuka a hanya ba, kuma da na shiga gida ma ban yi ba. Na tarar da Inna a ƙuryar ɗaki cikin takaba, ba tozali ba ɗankunne, muryarta ƙasa-ƙasa. Na tarar da kurtun tawadarsa ya bushe. Ban ga fuskarsa ba, ban ji kalmarsa ta ƙarshe ba, mace kuma ba ta zuwa maƙabarta. Na duba duk abin da ɗa ke yi wa uba na ga an riga an yi babu ni. Abu ɗaya ya rage, saukar da za a yi masa da safe, ita ma in ta wuce ni shi ke nan, mota na jirana.

Gari na wayewa gida ya cika. Ana daka gumba, tanda tana cuwa, hayaƙi ya tokare ido. Na bi ta shigifa na leƙa. Ban iya ɗaga ido na dubi maza ba, sai na ƙirga takalman da ke bakin zaure. Mutum sha ɗaya. Na san sha ɗaya ba ta da kowa a gidan sittin. Na ja mayafina na durƙusa a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, na yi sallama. Baffa yana zaune a kan buzun Malam, ya kwance gafakar Alƙur'anin da Malam ya rubuta da hannunsa. Irin wannan ba ɗinkakke ba ne kamar na yanzu, takardu ne warwara, shi ya sa ake iya raba shi kowa ya ɗauki nasa.

Na ce, "Baffa, magana gare ni."

Ya ce, "Ki bari sai an tashi."

"Ta kafin a fara ce. Na ga ku sha ɗaya ne. Sittin ba ta rabuwa sha ɗaya, biyar za su yi saura. In aka sa ni mun zama sha biyu, kowa izu biyar-biyar. Ba sai na shigo ba, a miƙo mini nawa nan bayan bango."

Wani ya yi gyaran murya. Baffa ya dube ni, ya dubi mutane, ya ce, "Kun ji ko? An zo a koya mana rabo." Sannan ya juyo. "To 'yar boko, saurara. Mutum biyar su ɗauki shida-shida, mutum shida su ɗauki biyar-biyar. Nawa ke nan?"

Na kafa ido a ƙasa.

"Ke nake tambaya. Ba lissafi kika je koyo ba?"

Na ce, "Sittin."

"Ashe sittin ba ta buƙatarki. Kuma mace, wa ya san tsarkinta da za a damƙa mata takardun nan? Tashi ki je ki taya su juya waina."

Aka yi 'yar dariya, ba duka ba. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na tashi na koma cikin gida. Gaskiya Baffa ya faɗa a kan ƙirgen, ni ma na san ana yin haka. Lissafin nan mayafi ne kawai na yafa wa maganata, don kunya ba za ta bar ni in tsaya gaban maza in ce ubana ne, shi ya koya mini, ku bar ni in karanta masa ba. Ya yaye mayafin ya bar ni a tsaye. 'Yan matan yanzu da ake yi wa walimar sauka su ɗari a rana ɗaya, da anko da hotuna da lasifika, ba za su gane yadda zaure yake da nisa daga tsakar gida ba a wancan lokacin, alhali bango ɗaya ne tsakani.

A ɗakin Inna akwai wata gafaka rataye a ƙusa, tsohon Alƙur'anin kakanmu ne. Takardunsa sun yi ja don tsufa, gara ta ɗan taɓa gefe amma ba ta ci harafi ba. Na ɗauki buta na yi alwala a gaban kowa, a hankali, don duk mai shakka ya gani. Na shiga na sauko da gafakar. Inna ta bi ni da ido. Na shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, tsakiyar masu aiki, na zauna na kwance igiyar.

Wata tsohuwa mai tankaɗe ta ce, "Uwani, me za ki yi haka?"

Na ce, "Sauka."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai. Ɗaya da sittin."

"Ke yarinya, ko aljani ba zai gama wannan kafin dare ba."

Na ce, "To in kwana ina yi, motar ta tafi ta bar ni."

Na yi bisimilla na fara. Muryata tana karkarwa kamar ta akuyar da aka yaye, amma ban sassauta ta ba. Ban gama shafi biyu ba na ji inuwa a kaina. Gwaggo ce, da muciya a hannu. Gwaggo daddawa take sayarwa, bakinta ja wur da goro, kuma duk ƙauyen ba wanda ke son ta buɗe shi a kansa. Na ɗauka kora ta za ta yi. Ta miƙa wa wata muciyar, ta tofar da goron, ta wanke hannu da sabulun salo har sau nawa saboda warin daddawa, ta yi alwala, ta dawo ta dungure ni da gwiwa.

"Matsa. Raba biyu."

Na ce, "Gwaggo, kin iya?"

"Ji 'yar nema! Ubanki yana rarrafe nake wanke allona. Don na daina a gabanku sai aka ce na manta? Raba, kina ɓata mini lokaci."

A gefen takardun akwai zayyana mai ja da rawaya a farkon kowane izu. Na bi su ina ƙirgawa, na yi tsibi biyu, talatin-talatin. Kafin mu gyara zama sai ga matar liman, wata siririya da ba a cika jin muryarta ba, 'yar gidan malamai ce daga Gaya. Ta durƙusa ta ce, "In ba za a ji haushi ba, ni ma a ɗan sammini." Gwaggo ta ce, "Mijinki fa?" Ta ce, "Yana can yana karanta nasa." Na tattara na sake rabawa uku, ashirin-ashirin. Ina cikin daidaita gefen takardun sai na ga asabarin ƙofar Inna ya motsa. Ba ta fito ba, hannunta ne kawai ya ɓullo ta ƙasa, tafin a buɗe. Ban taɓa sanin Inna tana karatu ba. Ashe bayan an kai ni makaranta, da gidan ya yi musu faɗi, Malam ya mayar da allona hannunta. Ta ce a hankali, "Na ƙasa za ki ba ni, su ya fi yi mini bita." Na raba huɗu, sha biyar-sha biyar, na sa mata nata a hannu. Na ɗaga kai na dubi sauran matan ko akwai ta biyar, don sha biyu-sha biyu ya fi sauƙi. Kowa ta kawar da ido. Tsohuwar nan mai tankaɗe ta ce, "Da an koya mana, 'yar nan." Iyakarmu ke nan a ƙauyen gaba ɗaya.

Muka fara mu huɗu. Gwaggo muryarta kamar ta namiji, tana tafe tana tuntuɓe tana tashi, matar liman tana gudu sumul kamar zare a mazari, Inna daga bayan asabari tana bin harafi ɗaya-ɗaya. Masu daka suka rage taɓarya. Na ji sautin zaure ya ɗan tsaya, kamar an ɗaga kai ana saurare, sannan ya ci gaba. Su da yake suna da yawa, hantsi bai gama ɗagawa ba suka ƙare, muka ji sun shafa. Mu ko kashi ɗaya cikin uku ba mu ci ba. Baffa ya ɗaga murya ta kan bango ya ce a fito da sadaka. Gwaggo ba ta ɗauke ido daga takarda ba ta ce, "Bayan sauka ake fitar da sadaka. Ba a gama ba." Ba wadda ta isa ta taɓa kwano in Gwaggo ba ta ce ba. Aka jima, sai ga Baffa ya shigo da kansa.

Ya ce, "Yaya, wane irin abu ne wannan? Muryar mata har waje, baƙi suna ji?"

Gwaggo ta sa yatsa a inda ta tsaya, ta ce, "Ranar da nake yi maka bita kana kuka majina har kan allo, ba ka ce muryata ta fita waje ba."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki da zane. Baffa ya ga ba zai ci riba a nan ba, sai ya juyo kaina. Na shirya wa faɗa, amma ba da faɗa ya zo ba. Ya tsuguna a gabana, ya sassauta murya, ya kira ni da sunan da ya daɗe bai kira ni da shi ba. "Uwani, an yi. An sauke wa ɗan'uwana, Allah ya karɓa. Ke ma kin nuna kin iya, na ji da kunnena. Miƙo sauran mu raba a zaure, yanzun nan za a ƙare, ki huta, baƙi su ci su tafi." Ya miƙo hannu. Idanunsa jawur, shi ma yaya ya rasa. Hannun kuma irin na Malam ne sak, har ɗan ƙaramin yatsan da ya lanƙwashe. Wallahi zagin da ya yi mini a zaure bai kai wannan wuya ba. Na ji zuciyata tana cewa ki ba shi, babba ne, ya sauko. Sai na ɗora tafin hannuna a kan takardun na danne.

Na ce, "Baffa, ƙasa ba ta jira ni ba. Ban gan shi ba, ban ba shi ruwa ba, ban ji abin da ya ce ba. Wannan kaɗai ya rage, shi ma ba ba ni aka yi ba, ɗauka na yi. Ku kun yi taku. Sha biyar ɗin nan nawa ne."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ni ne ubanki yanzu."

"Na sani. Ka aike ni ko'ina ne in je da ƙafata. Amma ba zan ɗaga hannun nan ba."

"In kika ƙi, kada ki ƙara yi mini sallama a zaure."

Na mayar da idona inda na tsaya na ci gaba da karatu, hannunsa yana miƙe a gabana. Ya jima a haka, sannan ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya tsaya a bakin ƙofar Inna ya ce, "Ke ma da ke cikin takaba, ba kya miƙo naki ba?" Inna da ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba, ta ce daga ciki, "Ban gaji ba." Ya fita.

Na roƙi Gwaggo a kai wa baƙi abinci, su ba su yi mana komai ba, wasu daga nesa suka zo. Ta yi tsaki ta ce a fitar da waina da gumba, tuwo kuwa ya jira mu. Suka ci suka watse, muna jin takalma suna raguwa. Muka tsaya muka yi azahar muka koma. Rana ta juyo ta same mu, muka ja tabarma muna bin inuwar rumbu. Bayana ya ƙage, maƙogwarona ya bushe, jan wasali ya fara yi mini rawa a ido. Matar liman ce ta fara gamawa, sai ni, ana kiran la'asar. Da na kife takardar ƙarshe ban ji wani abin mamaki ba, sai dai kamar an sauke mini tulu daga ka. Gwaggo ta ƙare bayan sallah, ta ce a ba ta goronta kafin ta mutu ita ma a yi sauka uku. Saura Inna. Tana tafe a hankali, in ta ɓata ta koma baya ta gyara. Na ji kamar in ce ta miƙo in taya ta, sai na kama bakina.

Muka zauna a bakin asabari muna saurarenta ita kaɗai, duk matan gidan, aiki ya ƙare, rana ta yi sanyi. Da ta gangaro izu na ƙarshe, wurin gajerun surorin da kowa ke sallah da su, sai na ji wata murya ta kama mata. Tsohuwar nan ce mai tankaɗe, hannunta fari fat da gari. Sai wata ta shiga, sai wata, masu daka da masu toya da masu goyo, waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba. Inna tana gaba da takarda, su suna binta da ka, har aka kai ƙarshe gidan gaba ɗaya yana amsawa. A nan kukan da na riƙe tun daga Kano ya zo, ban hana shi ba.

Aka tsaya ana kallon juna, don addu'ar rufewa malami ke yi, zaure kuwa ba kowa. Gwaggo ta dungure ni ta ce, "Ke kika fara. Ɗaga hannu." Na ɗaga. Na roƙa wa Malam abin da na iya roƙa, da Larabcin da ya koya mini da Hausar da Inna ta koya mini, mata suka ce amin. Na karɓi tsibi huɗun na mayar da su ɗaya, na ɗaure gafakar na rataye ta inda take.

Da safe na bi ta zaure zan tafi. Baffa yana zaune. Na durƙusa daga waje ban yi sallama ba, tun da ya hana, shi ma bai ɗago ba. Haka muka yi shekaru, sai bayan na haifi ɗana na fari ya aiko a ce in kawo masa yaron ya gani. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na yafe masa tun tuni, kullum yana cikin addu'ata tare da yayansa. Amma masu cewa na yi fitsara su ji da kyau. Da za a mayar da ni kan tabarmar nan yau, ya sake tsugunawa ya miƙo hannu, zai tarar da nawa a kan takardun.